Yarjejeniyoyin Karanta-ka-Wallafa Tsakanin Jami'o'i da Kamfanonin Ɗab'in Mujallu: Wa Suka Buɗe wa Ƙofa, Wa Suka Bari a Waje?

Tsakure

Maƙalar nan ta ɗora nazarinta a kan yarjejeniyoyin da jami'o'i, ko gamayyar ɗakunan karatunsu, suke ƙullawa da manyan kamfanonin ɗab'in mujallun ilimi, inda ake haɗa kuɗin karanta mujallu da kuɗin wallafa maƙala a buɗe cikin biya ɗaya. An bi diddigin asalin tsarin, aka ƙwanƙwance yadda ya gudana a Jamus da Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, sannan aka dubi yadda ya shigo Afirka. Nazarin ya nuna cewa yarjejeniyoyin sun sauƙaƙa wa manazarcin da jami'arsa ta sa hannu, sun kuma buɗe dubban maƙalu ga kowa, amma shingen kuɗi yana nan, matsawa kawai ya yi daga gaban mai karatu zuwa gaban marubuci. A kan haka maƙalar ta ba da shawarar yadda ya kamata jami'o'in Nijeriya da Nijar su tunkari lamarin.

1.0 Gabatarwa

Cinikin mujallun ilimi ciniki ne da ba shi da na biyu. Manazarci ne yake yin bincike da kuɗin gwamnati ko na jami'a, ya rubuta maƙala, ya miƙa wa mujalla kyauta. Takwarorinsa masana su tace ta, su ma ba a biyansu. Daga nan sai ɗakin karatun jami'ar ya fitar da kuɗi duk shekara ya sayi damar karanta abin da ma'aikatansa suka rubuta. Larivière da Haustein da Mongeon (2015) sun nuna cewa zuwa 2013 kamfanoni biyar kacal ne suke buga fiye da rabin maƙalun da ke cikin ma'adanar Web of Science. Huɗu daga cikinsu, wato Elsevier da Wiley da Springer da Taylor & Francis, su ne kan gaba a kimiyya da kuma fannonin zamantakewa baki ɗaya. Ribar da sashen kimiyya na kamfanin RELX, uwar Elsevier, yake bayyanawa ta daɗe tana sama da kashi 35 cikin 100 na kuɗin shiga.

Buɗaɗɗiyar wallafa, a ma'anar da aka yi amfani da ita a nan, ita ce sanya maƙala a intanet yadda kowa zai karanta ba tare da biya ba, ya kuma sake amfani da ita bisa lasisi, galibi CC BY. Tun wajajen 2014 aka fara ƙoƙarin cim ma haka ta hanyar yarjejeniya tsakanin cibiya da kamfani, ana kiranta yarjejeniyar sauyi, domin an ce za ta sauya mujallun kulle su zama buɗaɗɗu. Manufar wannan maƙala ita ce auna wannan alkawari ta hanyar tambayoyi uku: wa yake biya kuma da wane ma'auni, wa ya cancanci cin gajiyar yarjejeniyar, sannan ko sauyin da aka yi alkawari ya auku.

2.0 Waiwayen Ra'ayoyin da Suka Gabata

Sanarwar Budapest ta Fabrairun 2002 ta shata hanyoyi biyu. Ta farko, marubuci ya ajiye kwafin maƙalarsa a rumbun jami'a ko na fanninsa, irin arXiv da Paul Ginsparg ya kafa a 1991. Wannan ita aka laƙaba wa koriyar hanya, kuma Stevan Harnad ya kasance babban mai kare ta. Ta biyu, a kafa mujallun da tun asali a buɗe suke, wato hanyar zinare. Sanarwar Bethesda da ta Balin, duk a 2003, sun ƙarfafa wannan manufa. Suber (2012) ya ja hankali cewa hanyar zinare ba lallai ta zo da cajin marubuci ba, domin yawancin buɗaɗɗun mujallu ba sa karɓar ko kwabo. Sai dai a aikace, BioMed Central da PLOS sun nuna wa kasuwa cewa ana iya rayuwa da kuɗin ɗab'i da marubuci ko mai ɗaukar nauyinsa zai biya, manyan kamfanoni kuma ba su yi sanya ba wajen ɗaukar darasin. Suka rungumi tsarin mujallu 'yan ruwa-biyu: mujalla tana nan a kulle, ɗakin karatu yana biyan kuɗin shekara, amma marubucin da ya biya za a buɗe tasa maƙalar ita kaɗai. Rahoton kwamitin Janet Finch na 2012 a Birtaniya ya goyi bayan biyan kuɗin ɗab'i, jami'o'in ƙasar kuwa suka wayi gari suna biya ta fuska biyu. Wannan cin tudu biyu shi ne ƙorafin da ya haifi yarjejeniyoyin farko na rage wani kuɗi daga wani, irin waɗanda Ostiriya da Holan suka ƙulla a tsakanin 2014 da 2015.

Ginshiƙin tunanin yarjejeniyar sauyi yana cikin takardar da Schimmer da Geschuhn da Vogler na ɗakin karatun Max Planck suka fitar a 2015. Lissafinsu shi ne duniya tana kashe kimanin Yuro biliyan 7.6 duk shekara a kuɗin mujallu, ana kuma buga maƙalu kusan miliyan 2, ke nan kowace maƙala ta riga ta ci Yuro 3,800. Hujjarsu ita ce kuɗin da ke cikin tsarin ya isa, abin da ya rage a karkatar da shi daga sayen karatu zuwa biyan wallafa. A kan wannan aka gina yunƙurin OA2020. Shirin Plan S, wanda gamayyar masu ba da tallafin bincike ta cOAlition S ta sanar a Satumban 2018, ya ƙara wa tsarin ƙarfi, domin ya amince da shi a matsayin hanyar wucin gadi.

Masu suka sun zo ta fuskoki daban-daban. Borrego da Anglada da Abadal (2021) sun nazarci yarjejeniyoyi 36, suka nuna shakku a kan ko suna kaiwa ga sauyin da sunansu ya ɗauka. Haucap da Moshgbar da Schmal (2021) sun dubi tasirin tsarin a kan gasar kasuwa. Masana daga Latin Amurka, musamman na Redalyc da AmeliCA, sun ce lissafin Max Planck na ƙasashen da ke da kuɗin mujallu ne tun farko. Wanda bai taɓa samun abin sayen karatu ba, ba shi da abin da zai karkatar. Wannan maƙala tana ganin wannan suka ta ƙarshe ita ce mafi nauyi, kuma ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi a tattaunawar Turai.

3.0 Hanyar Gudanar da Nazari

An bi hanyar ƙwanƙwance takardu. Madogarar farko ita ce sharuɗɗan yarjejeniyoyin da aka bayyana wa jama'a, musamman waɗanda ke cikin rajistar ESAC da ɗakin karatun Max Planck yake kula da ita, sai sanarwoyin gamayyoyi da rahotannin bita da binciken da aka buga a mujallu. An zaɓi Jamus domin ta yi yarjejeniya a matakin ƙasa da manyan kamfanoni uku, aka zaɓi Kalifoniya domin ta zo da wani salon raba kuɗi na daban. Nazarin ya taƙaita ga maƙalun mujallu, bai shiga batun littattafai ba.

4.0 Nazari

4.1 Yadda Yarjejeniyar ke Aiki a Hannun Manazarci

Manazarci yana aika maƙalarsa kamar yadda ya saba. Idan an karɓe ta, manhajar kamfanin za ta gane jami'arsa ta adireshin imel ko ta sunan cibiyar da ya zaɓa, ta sanar da shi cewa akwai yarjejeniya. Ya zaɓi lasisi, ɗakin karatu ya tabbatar da cewa ma'aikacinsu ne ko ɗalibinsu, maƙalar ta fito a buɗe ba tare da an aiko masa da takardar biya ba. Haƙƙin mallaka yakan zauna a hannunsa. Ga wanda ya saba neman kuɗin ɗab'i daga ofis zuwa ofis, wannan sauƙi ne na gaske, kuma bai kamata a raina shi ba.

Akwai sharuɗɗa uku da sukan ba manazarta mamaki. Na farko, marubucin tuntuɓa kaɗai ake dubawa, wato wanda ya aika maƙalar yake kuma wakiltar sauran. Idan ba ɗan jami'ar ba ne, yarjejeniyar ba ta shafi maƙalar ba ko da sauran marubutan duk 'yan gida ne. Na biyu, yarjejeniyoyi da yawa suna da ƙayyadadden adadin maƙalu a shekara, idan ya cika kafin Disamba sai wanda ya zo daga baya ya jira ko ya biya. Na uku, ba kowace mujallar kamfanin ce take ciki ba. Mafi tsada da mafi suna sukan kasance a waje ko su zo da nasu farashin; mujallar Nature, alal misali, ta sa Yuro 9,500 a kan kowace buɗaɗɗiyar maƙala a 2021.

4.2 Jamus: Shirin DEAL

Ƙawancen cibiyoyin kimiyya na Jamus ne ya kafa DEAL, ƙungiyar shugabannin jami'o'in ƙasar ta jagoranci tattaunawar, da farko a ƙarƙashin Horst Hippler. Buƙatarsu a fili take: a buɗe duk maƙalun da masanan Jamus suka rubuta, cibiyoyi su samu damar karanta duk mujallun kamfanin, a kuma yi farashi bisa yawan maƙalun da aka buga. Da tattaunawa da Elsevier ta cije, kusan cibiyoyi 200 suka ƙi sabunta kwantiraginsu, masana da dama suka ajiye muƙamansu na editoci, kamfanin kuma ya yanke musu damar karanta sababbin maƙalu a Yulin 2018.

Wiley ce ta fara sa hannu, a Janairun 2019, a kan Yuro 2,750 kowace maƙala a mujallu 'yan ruwa-biyu, kuɗin karatu yana ciki. Springer Nature ta biyo baya a Janairun 2020 da farashi iri ɗaya. Elsevier ba ta dawo ba sai Satumban 2023, a kan Yuro 2,550, ban da mujallun Cell Press da The Lancet da aka sa wa farashi mafi girma. Shekara biyar ke nan masanan ƙasar suna aiki ba tare da damar kai-tsaye ba, bincike kuma bai tsaya ba. Darasin da ke nan ya wuce batun farashi: ƙarfin mai ciniki yana cikin iya tashi daga teburin, kuma Jamus ta iya tashi ne domin cibiyoyinta sun tsaya a murya ɗaya. Wani abin yabo shi ne DEAL ta wallafa cikakken matanin kwantiragoginta. Shekaru da dama kamfanoni suna ɗaure ɗakunan karatu da sharaɗin sirri, har jami'a ba ta san abin da maƙwabciyarta take biya ba.

Tsarin ya zo da nasa matsalolin a cikin gida. Tun da an koma biya bisa yawan wallafa, jami'o'in da suka fi yin bincike sun ga kuɗinsu ya hau, ƙananan kwalejoji da cibiyoyin da karatu kawai suke yi nasu ya sauka, aka daɗe ana jayayya a kan yadda za a raba nauyin. Haka kuma Haucap da abokan aikinsa sun gano cewa bayan yarjejeniyoyin Wiley da Springer Nature, masanan kimiyyar sinadarai na Jamus sun ƙara karkata ga mujallun waɗannan kamfanoni biyu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: inda aka riga aka biya wa mutum, can zai nufa. Ƙananan mawallafa da ƙungiyoyin masana masu mujalla ɗaya ko biyu su ne suka ji a jikinsu. Tsarin da aka ƙirƙiro don rage ƙarfin manyan kamfanoni ya ƙara tura musu maƙalu.

4.3 Jami'ar Kalifoniya

Wannan jami'a mai harabobi goma tana biyan Elsevier kimanin dala miliyan 11 a shekara kafin ta janye daga tattaunawa a Fabrairun 2019. An sasanta a Maris na 2021. Salon da ta kawo shi ne raba kuɗi: ɗakin karatu ya biya dala 1,000 ta farko, marubucin da ke da tallafin bincike ya cika sauran daga tallafin, wanda ba shi da shi kuma ɗakin karatu ya ɗauke masa duka. Tsari ne mai adalci a cikin gida, amma ya dogara da kasancewar tallafin bincike mai kauri daga hukumomin tarayya. Cibiyar MIT ta bi wata hanyar, ta katse tattaunawa da Elsevier a Yunin 2020 domin kamfanin bai amince da ƙa'idojinta ba, ciki har da cewa kada a tilasta wa marubuci sallama haƙƙin mallakarsa.

4.4 Ko Sauyin Ya Auku?

Amsar da ta fito daga bakin waɗanda suka gina tsarin ita ce a'a. A 2023 cOAlition S ta cire kusan kashi biyu cikin uku na mujallun da suka yi rajista a shirinta na mujallu masu sauyawa, domin ba su cika ma'aunin da suka ɗauka ba, ta kuma daina tallafa wa tsare-tsaren sauyi daga ƙarshen 2024. Bitar da hukumar Jisc ta Birtaniya ta fitar a 2024 ta lissafa cewa, da irin tafiyar da ake yi, manyan kamfanoni biyar za su ɗauki aƙalla shekara 70 kafin su buɗe mujallun da ke cikin yarjejeniyoyin. Abin da aka kira wucin gadi ya zama mazauni. Ta fuskar kamfani babu abin da zai sa ya yi gaggawa: mujalla 'yar ruwa-biyu tana karɓar kuɗin wallafa daga Jamus da Holan, tana kuma karɓar kuɗin shekara daga ƙasashen da ba su da yarjejeniya.

Biya bisa yawan maƙala yana da wata illa ta daban, domin yana sa karɓar maƙala ta fi ƙin karɓarta riba. Butler da abokan aikinta (2023) sun ƙiyasta cewa daga 2015 zuwa 2018 manyan kamfanoni biyar sun karɓi dala biliyan 1.06 a kuɗin ɗab'i. Wiley ta sayi Hindawi a 2021 a kan dala miliyan 298, a 2023 kuma aka janye maƙalu fiye da 8,000 daga mujallun Hindawi saboda maguɗin masu sayar da maƙalun bogi. A shekarar ce editocin NeuroImage suka yi murabus gaba ɗaya a kan kuɗin ɗab'i na dala 3,450. Gidauniyar Gates, wadda ta daɗe tana biyan irin wannan kuɗi, ta daina daga Janairun 2025.

4.5 Waɗanda Aka Bari a Waje

Gaskiya ce cewa malamin jami'a a Zariya ko Damagaram yanzu yana karanta maƙalar Bajamushe kyauta, abin da bai samu ba shekara goma da suka wuce. Amma ilimi ba karatu kaɗai ba ne, har da sa baki. Idan wannan malami ya kai tasa maƙalar mujalla 'yar ruwa-biyu, zaɓinsa biyu ne: ya biya dubban daloli a buɗe ta, ko ya buga kyauta ta zauna a kulle. Galibi na biyun yake ɗauka. A fitowa ɗaya ta mujalla ɗaya sai ka tarar da maƙalar Bature a kan zazzaɓin cizon sauro a buɗe, ta ɗan ƙasar da cutar take kashe mutane a kulle, likitocin ƙasar ma ba su iya karanta ta. Idan kuwa mujallar ta koma buɗaɗɗiya gaba ɗaya da kuɗin ɗab'i, hanyar kyautar ma ta toshe.

Ana cewa akwai yafiya ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Akwai, amma yawancinta ba ta shafi mujallu 'yan ruwa-biyu ba, ma'auninta kuma yana bin arzikin ƙasa ne a takarda ba aljihun malami ba, sannan sai an roƙa. Smith da abokan aikinta (2021) sun kwatanta tagwayen mujallun Elsevier, ɗaya a kulle ɗaya a buɗe, editoci ɗaya, ma'aunin tacewa ɗaya. Sun tarar marubutan buɗaɗɗun sun fi taƙaita ga ƙasashe masu arziki, 'yan ƙasashe matalauta kuwa kusan babu su, duk da cancantar yafiya.

Sharaɗin marubucin tuntuɓa ya fi kowanne buƙatar a tsaya a kansa. A binciken haɗin gwiwa tsakanin jami'ar Afirka da ta Turai, hanya mafi sauƙi ta buɗe maƙala kyauta ita ce a bar wa abokin aikin Turai wannan matsayi. Wanda ya tsara binciken, ya shiga ƙauyuka, ya tattara bayanai, sai ya sallama kujerar wakilci saboda dalilin kuɗi kawai. Alhali wannan matsayi shi kwamitocin ƙarin girma da masu ba da tallafi suke ɗauka alamar jagorancin bincike, shi ne kuma adireshin da gayyatar taro da neman haɗin gwiwa suke zuwa. Babu wanda ya tsara yarjejeniyoyin da wannan niyya, amma sakamakon yana nan, kuma yana ƙarfafa tsohon rabon aiki inda Afirka take samar da bayanai wasu su ɗauki suna.

4.6 Afirka

Ƙasashe biyu ne suka yi nisa. A Afirka ta Kudu gamayyar SANLiC ta ƙulla yarjejeniyoyi da kamfanoni da dama, ciki har da Wiley da Springer Nature da Elsevier da maɗaba'ar Jami'ar Cambridge. A Masar, hukumar tallafin kimiyya ta STDF da Bankin Ilimi na ƙasar sun fara yarjejeniya da Springer Nature a Janairun 2022. Duka biyun suna da abin da za su karkatar: daɗaɗɗen kasafin sayen mujallu a dunƙule da hukuma ɗaya mai magana da yawun kowa. Ƙungiyar EIFL kuma tana nemo wa gamayyoyi irin su CARLIGH ta Ghana yafiya ko rangwame daga wasu mawallafa.

Jami'o'i da yawa a yankinmu sun dogara ne da Research4Life, wanda ya fara da shirin Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2002, inda cibiyoyin rukunin farko suke karatu kyauta, na rukuni na biyu su biya dala 1,500 a shekara. Wanda yake karatu da kyauta ba shi da kuɗin shekarar da zai mayar kuɗin wallafa. Idan aka ɗauki farashin Jamus na 2019 aka kawo nan, Yuro 2,750 ya kai sefa miliyan 1.8 da ɗoriya a Nijar. A Nijeriya, inda dala ta tashi daga kimanin naira 460 a Mayun 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, kuɗin ya haura naira miliyan 4 a ƙarshen 2024, wato fiye da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 har na shekara huɗu. Duk kwantiragin da aka ƙulla da kuɗin waje yana ɗauke da wannan haɗari. A gefe guda kuma ƙa'idojin ƙarin girma, na jami'o'in Nijeriya da na hukumar CAMES a ƙasashe masu amfani da Faransanci, suna ƙara matsa wa malamai su buga a mujallun da ke cikin manyan ma'adanai irin Scopus. An sa wa malami sharaɗi ba a ba shi guzuri ba, daga albashinsa yake biya, a nan ne kuma mujallun damfara suke samun kasuwa.

Akwai wani ɓangaren da yarjejeniyoyin ba su taɓa ba sam. Mujallun nazarin Hausa irin su Harsunan Nijeriya da Algaita a Kano, da Harshe a Zariya, da Ɗunɗaye a Sakkwato, sassa da cibiyoyin jami'o'i ne suke buga su. Ko an kashe biliyoyi a yarjejeniya da kamfanonin waje, kwabo ba zai kai gare su ba.

5.0 Wasu Hanyoyin da Aka Gwada

Hanyar lu'ulu'u, inda marubuci ba ya biya mai karatu ma ba ya biya, ba mafarki ba ce. SciELO ta fara a Burazil a ƙarshen shekarun 1990 da kuɗin hukuma, Redalyc ta biyo baya a Meziko. Dandalin AJOL, wanda ya fara a 1998, yana ɗauke da ɗaruruwan mujallun Afirka, Nijeriya ce kuma ta fi kowace ƙasa yawa a ciki. Masana kimiyyar harshe suna da misali daga fanninsu: a 2015 editocin Lingua suka bar Elsevier suka kafa Glossa, wadda gamayyar ɗakunan karatu take ɗaukar nauyinta ta hannun Open Library of Humanities. SCOAP3, da cibiyar CERN take jagoranta tun 2014, ya buɗe manyan mujallun fannin binciken cibiyar ga kowane marubuci daga kowace ƙasa. Sai kuma tsarin riƙe haƙƙi, wanda Jami'ar Harvard ta fara a 2008, Jami'ar Edinburgh ta ɗauka a 2022: jami'a tana da lasisin ajiye karɓaɓɓen kwafin maƙalar ma'aikacinta a rumbunta tun kafin ya sa hannu a takardar kowane kamfani. Wannan bai buƙatar kuɗin waje, ƙudurin majalisar jami'a da rumbu mai aiki kawai yake buƙata. Shawarar UNESCO ta 2021 a kan buɗaɗɗiyar kimiyya ta fito fili ta goyi bayan tsare-tsaren da ba na neman riba ba.

6.0 Shawarwari

Maƙalar ba ta ce a guji yarjejeniya kwata-kwata ba. Masana likitanci da noma da injiniyanci suna buƙatar waɗannan mujallu, kuma gara a yi ciniki a madadinsu da a bar kowa da aljihunsa. Amma kada wata jami'a ta shiga ita kaɗai. A Nijeriya, asusun TETFund da Hukumar Kula da Jami'o'i da kwamitin shugabannin ɗakunan karatu su ne ya kamata su zauna a gefe ɗaya na teburin, kuma kafin su zauna su tattara alƙaluman maƙalu nawa malamanmu suke bugawa a kowane kamfani a matsayin marubutan tuntuɓa, da nawa suke biya daga aljihunsu. Jamus ba ta fara ciniki ba sai da wannan lissafi a hannu.

Duk yarjejeniyar da za a sa wa hannu ta kasance ba ta da ƙayyadadden adadin maƙalu, farashinta ya bi ƙarfin sayen ƙasar, a yi ta da kuɗin gida ko a ɗaure canjin, a kuma wallafa mataninta ga jama'a. A ƙi sharaɗin sirri ko da zai jawo jinkiri. Malaman da ke shiga binciken haɗin gwiwa su sa batun marubucin tuntuɓa da kuɗin ɗab'i a rubuce tun ranar tsara aikin, masu ba da tallafi daga waje kuma su biya kuɗin ba tare da la'akari da jami'ar da marubucin yake ba.

Abin da ya fi gaggawa yana hannun majalisun jami'o'i, kuma ba ya jiran kowane kamfani. Su zartar da ƙa'idar riƙe haƙƙi, su gyara rumbunansu, su ware kaso tabbatacce na kasafin ɗakin karatu ga mujallun gida domin a ɗora su a manhajar OJS, a ba maƙalunsu lambar DOI, a tsaurara tacewarsu har su cancanci shiga ma'adanar DOAJ. Kwamitocin ƙarin girma kuma su ba maƙalar da aka buga a ingantacciyar mujallar gida makin da ya dace da ingancinta. Ana kira ga shugabannin sassa da editocin mujallu su kai waɗannan buƙatu gaban majalisun jami'o'insu a zama na gaba.